Ƙurar Tawat Da Tanderun Samaru

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a ƙasar Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara, ya san yadda hazo kan sauka. Da safe in mutum ya fito ya dubi wajen duwatsu, sai ya ga kamar an lulluɓe su da farin mayafi. Ƙura ta hau masarar da ke shanya, ta hau buhunan audugar da ke jiran motar Funtuwa, ta faɗa cikin ƙwaryar nono. Ba mai kula da ita, don tun kaka da kakanni haka a ke. Amma an yi wata shekara da manyan ƙasar nan suka tsorata da ƙurar arewa, har abin ya kai Nijeriya ta kori jakadan wata babbar ƙasa ta Turai. Labarin abin da ke cikin ƙurar nan shi za mu bayar.

Can arewa da mu, tafiyar mil dubu da 'yan kai daga birnin Katsina, akwai wata ƙasar dabino a tsakiyar Hamada, cikin Aljeriya, sunanta Tawat. Malamanmu sun san sunan nan, gama daga can ne Shehu Muhammadu al-Maghili ya taso, ya biyo ta Takedda a ƙasar Azbin, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zo Katsina, shekara ɗari biyar da wani abu ke nan. Daga baya ya koma Tawat, can kabarinsa ya ke. A ƙarshen ƙasar Tawat ta kudu akwai wani gari, a na ce da shi Reggan. Sa'ad da Aljeriya ta ke hannun Faransa, nan Faransawa suka zaɓa don gwada sabon makaminsu. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, da sassafe, suka ɗora bom ɗin ƙare-dangi bisa wata hasumiyar ƙarfe, suka tashe shi. Ƙarfinsa ya ninka na wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima a 1945 wajen sau huɗu. Wutar ta kwashi rairayi da ƙarfen hasumiyar ta yi sama da su, iska ta ɗauka. Wata taswirar sojan Faransa da aka ɓoye, wadda jaridu suka buga a 2014, ta nuna gajimaren ya ratsa Nijar da Cadi da Mali, kafin mako biyu ya cika har ya taɓa kudancin Turai.

To, mene ne a cikin gajimaren nan da ya bambanta shi da ƙurar kullum? Ba za a gane ba sai an koma baya kaɗan.

Kowane abu a duniya, ruwa ne, ko ƙarfe, ko naman jikinmu, an gina shi da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Mun ari kalmar Larabci mu na ce da su ƙwayar zarra. Da can masana sun ɗauka ƙwayar zarra dunƙulalliya ce, ba ta da ciki. A 1911 wani malami mutumin Niyu Zilan, Ernest Rutherford, da ke aiki a Mancesta ta Ingila, ya nuna ba haka ba ne. Ya gano kusan dukan nauyinta ya taru wuri guda a tsakiya, saura kuwa fili ne fetal, sai waɗansu 'yan abubuwa marasa nauyi da ke kewaya, su ne ilaktiron. Wannan dunƙulen na tsakiya shi za mu kira cibiya. Ƙanƙantarsa ta wuce misali. In an buɗa ƙwayar zarra ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiyar filin ba.

Cikin cibiya akwai 'yan gida iri biyu. Na farko furoton, mai ɗauke da ƙarfin lantarki. Yawansa shi ke ba abu sunansa: in 6 ne kabon ke nan, watau asalin gawayi, in 8 ne oksijin, iskar da mu ke shaƙa, 26 baƙin ƙarfe, 79 zinariya, 82 dalma, 92 yuraniyam. Na biyun ya daɗe ya na ɓuya, don ba shi da lantarki ko kaɗan, ɗan ba-ruwana ne. Sai a 1932 James Chadwick, almajirin Rutherford, ya kama shi a Kambirij. Sunansa nutiron.

Amfanin nutiron a cibiya, magina za su fi kowa saurin gane shi. Furoton da furoton ba su ga maciji, kowane tura ɗan'uwansa ya ke yi, saboda lantarkinsu iri ɗaya ne. Abin da ke riƙe su shi ne wani ƙarfi dabam mai ɗaure maƙwabci da maƙwabci, nutiron kuwa ya na ƙara ɗaurin nan ba tare da ya ƙara turin ba. Kamar ciyawar da a ke cuɗawa cikin ƙasar gini ne. In ta yi kaɗan bango ya tsage, in ta yi yawa bango ya ruɓe. Ƙananan cibiyoyi kan so rabi da rabi: kabon furoton 6 nutiron 6, oksijin 8 da 8. Amma gwargwadon girman gida gwargwadon rikicinsa, saboda haka manya su na bukatar masu shiga tsakani da yawa. Baƙin ƙarfe 26 da 30, zinariya 79 da 118, yuraniyam 92 da 146. A riƙe wannan lissafin, gama shi ne mabuɗin labarin duka.

Cikin Disamba 1938, a Balin ta Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyam da nutiron, suka sami abin da ya ɗaure musu kai. Abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda ta gudu Suwidin saboda zaluncin Hitila, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka warware musu: cibiyar ce ta tsage biyu. In ta tsage, zafi mai yawa kan fito, nutiron biyu ko uku su kuɓuce, su je su tsaga waɗansu. In an bar abin ya ci gaba ba linzami, bom ke nan. In an sa masa linzami, tanderu ke nan. Enrico Fermi ya kunna tanderun farko a Shikago ran 2 ga Disamba, 1942. Bom ya biyo baya kafin shekara uku ta cika, kuma yawancin yuraniyam ɗin da Amurka ta fara aiki da shi daga Afirka aka haƙo shi, a Shinkolobwe ta Kwango.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Babbar cibiya ta tsage, kowane ɓari ya tafi da rabonsa na gado, furoton da nutiron. Amma rabon nutiron na babban gida ne, ya fi ƙarfin ƙaramin gida. Ɓarin nan ya zama abin da masana ke kira cibiya mai rarar nutiron. Sitironshiyam na yau da kullum furoton 38 ne da nutiron 50. Wanda bom ke haifarwa 52 gare shi. Siziyam na lafiya ya na da 78, na bom 82. Aidin na lafiya 74, na bom 78. Cibiyar da ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta ba ta zama lafiya. Wata rana ɗaya daga cikin nutiron ɗinta sai ya rikiɗa ya zama furoton, ya tofar da ilaktiron da ƙarfi, sau da yawa tare da wani haske mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani. Wannan tofin shi ne dafin. Shi ke ƙona nama a ɓoye, shi kan jawo ciwon daji bayan shekaru.

Kowace iri da nata wa'adin. Aidin na bom, kwana 8 rabinsa ya rikiɗa, wani kwana 8 rabin saura, kafin wata uku sai labari. Amma cikin 'yan kwanakin nan, in ya sauka kan ciyawa saniya ta ci, yaro ya sha nono, sai ya taru a maƙogwaron yaron, daidai inda maƙoƙo kan fito. Sitironshiyam kuwa jiki kan ɗauke shi kamar abin gina ƙashi, ya kai shi ƙashi ya ajiye. Shi da siziyam wajen shekara 30 su ke yi kafin rabi ya tafi. Watau abin da ya tashi daga Reggan a 1960, a 1990 saura rabi, a 2020 saura rubu'i.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Yawancin ƙurar da hunturu ke kawo mana ba daga Tawat ta ke fitowa ba, daga wani busasshen kwari ne a arewacin Cadi, mai suna Bodele. Kuma nisa ya na rage mugunta, gama iska ta na watsa abin. Waɗanda suka sha wuya sosai su ne mutanen da ke zaune kusa, manoman dabino da Buzaye makiyaya, da ma'aikata da sojan da aka kai wurin. Amma duk da haka, a ganina, manyanmu sun yi daidai da suka ƙi yin shiru. Wanda zai toya sauran gona, in ya na da mutunci, ya kan gaya wa maƙwabcin da iska ke bi ta kansa. Tun 1959 gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ta ke kuka a kan shirin nan, amma a lokacin Nijeriya ba ta da bakin kanta a waje, sai ta hannun Ingila. Faransa ta tashi bom na biyu ran 1 ga Afrilu, 1960. Muka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba. Ran 27 ga Disamba ta tashi na uku. Ran 5 ga Janairu, 1961, ƙasar da ba ta fi wata uku da 'yan kwanaki da haihuwa ba ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, kwana biyu ya bar Ikko, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka. Faransa ta ƙara ɗaya a sarari cikin Afrilu 1961, sa'an nan ta koma cikin ramuka a ƙarƙashin wani dutse a In Ekker, ta yi gwaji 13 har zuwa 1966. A 1964 aka kafa ma'aikatar auna irin wannan dafi a Jami'ar Ibadan. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira cewa ba a yi, ba a gwada, ba a ajiye makamin nan a nahiyarsu.

Wani abin mamaki, Takeddar nan da al-Maghili ya bi, masu binciken tarihi sun ce ita ce kufan Azelik a Jamhuriyar Nijar. A nan ne Faransawa, garin neman jan ƙarfe, suka fara tarar da yuraniyam a 1957. Aka fara fitar da shi a Arlit a 1971, Hausawa da yawa suka yi ƙaura can neman abinci.

Mu bar sarakuna, mu koma ga malamai, don su ba su tsaya ba. Tambayarsu ita ce, yaya 'yan gidan nan su ke zaune a cikin cibiya? An lura waɗansu adadi su na da albarka. In furoton ko nutiron sun kai 2, ko 8, 20, 28, 50, 82, ko nutiron 126, sai cibiya ta yi ƙwari fiye da maƙwabtanta. A 1949 wata mace, Maria Goeppert Mayer a Amurka, da Hans Jensen a Jamus, kowa a wurinsa, suka bayyana dalili. Zaman sahu-sahu a ke yi. Sai sahu ya cika a ke fara na bayansa, kuma cibiyar da sahunta ya cika daidai, ba giɓi ba saura, ita ce mai wuyar girgizawa. An ba su kyautar Nobel a 1963. Dalma mai furoton 82 da nutiron 126 ta cika ta ko'ina, shi ya sa yuraniyam da danginsa, in sun gama rikiɗe-rikiɗensu na dubban dubban shekaru, a kan dalma su ke tsayawa. Kada a rikita wannan da masifar da ta sami maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Wannan gubar dalma ce irin ta kowace guba, cibiyarta ba ta tofar da kome.

An zauna a kan hukuncin sahu shekara da shekaru, don an gwada shi kan cibiyoyin da a ke samu a ƙasa, waɗanda ba su kai 300 ba. Sai aka gina injuna masu harba cibiya kan cibiya su farfasa ta, a tsinci ɓarɓashin da ba ya rayuwa ko ƙiftawar ido. Yau an san iri fiye da 3,000. Da aka shiga can cikin masu rarar nutiron ƙwarai, sai hukunci ya fara karyewa. A 1975, a ma'aikatar CERN kusa da Janiba, aka auna sodiyam, ƙarfen da ke cikin gishiri da kanwa, wanda aka ɗora wa nutiron 20 maimakon 12. An zaci za a same shi a dunƙule kamar lemo, tun da 20 cikon sahu ne. Ma'auni ya ƙi yarda. Bincike na baya ya nuna shi da maƙwabtansa sun miƙe kamar ƙwai, sahun ya wargaje.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1985. Wani malamin Japan, Isao Tanihata, da abokansa, su na aiki a Bakili ta Amurka, suka auna faɗin litiyam, ƙarfen nan na batirin waya. Na kullum furoton 3 ne da nutiron 4. Su kuwa suka sami mai nutiron 8, 'yan gida 11 ke nan. Sai suka ga ya yi girman da bai kamata ba. Ashe tara ne ke zaune cikin gari a cunkushe, biyu kuwa sun fita bayan ganuwa sun kafa ruga, su na yawo nesa, amma har yanzu 'yan garin ne. Faɗin yawonsu ya kusa kai faɗin cibiyar dalma mai 'yan gida 208. Ga kuma wani abu: garin da nutiron ɗaya ba su iya zama tare, nutiron biyun su kaɗai ba su iya zama tare, amma su uku sun zauna. Kamar duwatsun murhu ne, in an janye ɗaya tukunya ta kife. Duk rayuwar wannan cibiya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba.

Akwai kuma iyaka, inda mudu kan cika, in an ƙara ƙwaya ta zube. Oksijin mai nutiron 8 ya na iya riƙe har 16, ba ya ƙara ko ɗaya. Amma maƙwabcinsa fulorin, wanda ya fi shi da furoton ɗaya tak, ya na riƙe 22. A 2023 malamai a ma'aikatar RIKEN ta Japan suka ba da labarin sun ƙera oksijin mai nutiron 20. A lissafin da, 8 da 20 cikon sahu biyu ne, ya kamata ya yi ƙwari. Bai ko tsaya ba, nan take ya zubar da huɗu ya koma 16.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Sabuwa da wannan? To, ku biyo hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Kafin ku shiga gari za ku iske Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke. A 1976 gwamnati ta yi dokar kafa hukumar makamashin ƙwayar zarra, aka buɗe wuraren bincike biyu, ɗaya a Ife, ɗaya a Zariya. A na Zariya aka girka ɗan ƙaramin tanderu ƙirar ƙasar Sin, aka kunna shi ran 3 ga Fabrairu, 2004, shi ne na farko a Nijeriya. Ba ya ba da wutar lantarki, zafinsa ma bai fi na dutsen guga talatin ba. Aikinsa kawai ya fitar da nutiron. Da fari an zuba masa yuraniyam tatacce ƙwarai, wajen kilo ɗaya, irin wanda ɓarayi za su so don yin makami. A 2018 aka kwashe shi aka mai da shi Sin, aka sa marar tatuwa sosai, wanda ba ya yin bom.

Ga yadda a ke aiki da shi. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda a ke sa wa cikin fenti da alli da tangaran, malaman jami'ar nan kuma sun daɗe su na bincike a kanta. A ce an ɗebi ɗan kaɗan daga cikinta, wanda bai cika farce ba, a sa a 'yar kwalbar roba, a tura cikin tanderu. Nutiron za su yi mata ruwa, waɗansu cibiyoyi su haɗiyi ɗaya ɗaya, su zama masu rara. In an fito da ita sai su fara tofi, kowane iri da irin muryarsa da wa'adinsa. Alminiyam, farin ƙarfen nan marar nauyi wanda ya ke da yawa cikin farar ƙasa, minti biyu da 'yan daƙiƙu rabinsa ya yi shiru. Sodiyam sa'a 15. Zinariya, in akwai, kusan kwana uku. Na'ura ta saurara, ta rubuta wa malami abin da ke ciki da yawansa, ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan. Haka a ke gwada ƙasar gona, da hatsi, da dutsen ma'adini, a san mai amfani, a san mai guba. Ciwon da ya sa ƙurar Reggan ta zama abin tsoro, shi ne a Samaru aka mai da shi ma'auni. Da irin wannan ƙidaya ce kuma, ta kabon mai nutiron 8 wanda rabinsa kan tafi cikin shekara 5,730, aka san kwalekwalen da wani Bafillace ya tarar ya na haƙa rijiya a Dufuna ta Yobe a 1987 ya yi shekara wajen 8,000.

Saura zinariya. Sabuwa da Faskari su na iyaka da Birnin Gwari da Zamfara, inda a ke wanke ta. Masana sun daɗe su na lissafin cewa wutar taurari irin rana ba ta isa ta ƙera zinariya ba. Sai an sami wurin da nutiron ke zuba kamar ruwan Agusta, cibiyar ƙarfe ta yi ta haɗiya tun ba ta sami sukunin tofarwa ba, ta bi ta cikin waɗannan masu rara ƙwarai da a ke wahalar ƙerawa a Japan da Amurka, sa'an nan in ruwan ya ɗauke ta rikiɗa a hankali har ta tsaya a kan furoton 79 da nutiron 118. Ran 17 ga Agusta, 2017, na'urori a Amurka da Italiya suka ji karon waɗansu matattun taurari biyu, waɗanda jikinsu kusan duk nutiron ne. Hasken karon ya yi shekara miliyan 130 a hanya kafin ya iso. Masu duban sama suka juya madubansu can, suka ga launin wutar ya na sakewa kwana bayan kwana daidai yadda lissafi ya ce zai yi in a na ƙera ƙarafa masu nauyi. Bayan shekara biyu suka tantance ɗaya daga cikinsu da sunansa, sitironshiyam ne.